Wa ya ɗauke wutar? Tarihin lantarkin Nijar da madatsar Kandaji

Duk shekara, da zarar bazara ta kankama cikin Afrilu da Mayu, ɗaukewar wuta takan zama babban labari daga Yamai har Damagaram. Lokacin ne zafi ke wuce maki 40, lokacin ne kuma ɗalibanmu ke tilawar BEPC da bak. Wuta na tafiya, musu na tashi a fada da gidajen rediyo da zaurukan WhatsApp. Wannan ya ce gwamnatin da ta shuɗe ce ta cinye kuɗin, wancan ya ce masu riƙe da mulki ne suka gaza. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƴan uwa malamai da iyayen yara, ƴaƴanmu suna jin wannan musu, kuma daga gare shi suke koyon yadda ake yi wa shugabanni hisabi. Don haka ya dace mu jera musu abin da ya faru shekara bayan shekara, kowa a ɗora masa nasa kayan daidai da abin da ya ɗauka.

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, zamanin Jori Hamani. A wancan lokaci wutar manyan garuruwa daga injinan gazuwal take fitowa, gazuwal ɗin kuma sai an yi dakonsa daga bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A shekarar ce kuma Najeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wanda ke ratsa Yamai kafin ya gangara can. Wutar da ruwa ke bayarwa ta fi ta gazuwal araha nesa ba kusa ba. A 1972 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar sayen wuta, a 1976 aka kunna layin da ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Jori ne ya sa hannu, amma sojoji sun kifar da shi a Afrilun 1974, sai Seyni Kunce ya ga amfanin layin. A riƙe wannan, domin zai yi ta maimaituwa: a harkar lantarki, mai shuka daban, mai girbi daban.

Ba wauta ba ce sayen wutar Najeriya a lokacin. Ƙidayar 1977 ta nuna mu kusan miliyan biyar ne, akasarinmu a ƙauyuka, kuma ƙasar ba ta daɗe da fita daga farin 1973 da 1974 ba. Ita ma Najeriya tana da tata riba. Jami'anta sun sha faɗi a fili cewa suna sayar wa maƙwabta wuta ne don kada su datse kogin a sama, ruwan Kainji ya ragu. A 1994 aka ƙara layi na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da haka aka wayi gari wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga ƙetaren iyaka take zuwa. Araha ta sa an yi kwance, aka manta kayan aro ba ya rufe katara.

Zamanin Kunce an yi wani yunƙuri na tsayawa da ƙafa. An kafa SONICHAR a 1975, tashar kwal ta Anu Araran kusa da Cirozerin ta fara aiki a 1981. Sai dai an gina ta ne musamman don ma'adinan uraniyom na Arlit da garuruwan jihar Agadas, ba ta haɗe da layukan kudu ba. A shekarun 1970 ɗin ne kuma aka fara nazarin datse kogi a Kandaji, cikin jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai. Kuɗin uraniyom na shigowa a lokacin, da su aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. Kafin a kai ga Kandaji farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, farin 1984 ya zo, masu ba da lamuni suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Takardun Kandaji suka koma cikin durowa.

Shekarun 1990 kuwa, duk wanda ya yi makaranta a lokacin ya san su. An yi babban taron ƙasa a 1991, Mahamman Usman ya hau mulki a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Rikici tsakanin shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadu ya tsayar da al'amura a 1995, Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki a Janairun 1996, aka kashe shi a Afrilun 1999. Ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni, makarantu suna rufewa shekara ta tafi a banza. Gwamnatin da ta kasa biyan malaminta ba ta da bakin zancen madatsar ruwa. Amma kada a ce ba wanda ya yi laifi: ƴan siyasar da suka shafe waɗannan shekaru suna kokawar kujera su ne suka sa ƙasa ta rasa shekara goma, kuma jam'iyyun da suka yi ta jifan juna daga baya duk suna cikin wancan fagen.

Ranar 3 ga Agustan 2008 Tanja Mamadu ya aza harsashin Kandaji. Abin da aka zana shi ne tashar wuta mai megawat 130, da ruwan noman rani na kimanin hekta 45,000, da tabbatar wa Yamai ruwan sha idan kogi ya ja baya. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin a 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Magoya bayan Tanja suna da gaskiya idan suka ce shi ya fitar da aikin daga durowa. Masu sukarsa su ma suna da tasu: ya yi shekara takwas da ƴan kai a mulki kafin ranar, sannan a 2009 aka kawo tazarce da hujjar a bar shi ya kammala manyan ayyuka, har da Kandaji. Tazarcen ya sa CEDEAO ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ta riƙe taimakonta, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Aikin da aka ce don shi ake neman ƙarin wa'adi shi ya fara shan wahalar rikicin.

Daga nan sai labarin kamfanin Rasha mai suna Zarubezhvodstroy. An sa hannu kan kwangilarsa a 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo. Isufu Mahamadu ya ƙaddamar da aikin a Mayun 2011. A 2013 gwamnatinsa ta soke kwangilar saboda aikin ya tsaya cik. Ga tambaya ga mai son ɗora wa mutum ɗaya laifi: wanda ya shirya neman ɗan kwangila, da wanda ya sa hannu, da wanda ya yi bikin ƙaddamarwa, wannensu za a kama? Kowannensu yana da amsar da ya kamata ya bayar. Abin da ke kan Isufu shi kaɗai shi ne jinkirin da ya biyo baya: sai a Maris ɗin 2019 aka sake ƙaddamar da aikin da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, kusan shekara shida bayan soke kwangilar farko. Akwai dalilai, ciki har da batun tayar da dubun dubatan mutanen yankin Ayoru da biyansu diyya, da sharuɗɗan Bankin Duniya da sauran masu ba da kuɗi. Dalili dai ba ya mayar da shekarun da suka wuce.

Cikin waɗannan shekaru an yi ta neman mafita ta gaggawa. A 2013 turakun layin Birnin Kabi sun faɗi, Yamai ta yi makonni cikin ƙarancin wuta. A Afrilun 2017 aka buɗe tashar Goru Banda mai megawat 80, wadda ke shan mai kamar injinan zamanin Jori, wutarta kuma da tsada. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7. An aza harsashin aikin kwal na Salkadamna a jihar Tawa a 2014, har mulkin Isufu ya ƙare bai ba da wuta ba. Masu mulki na lokacin suna lissafa abin da aka buɗe, ƴan adawa suna lissafa abin da aka yi alkawari ba a gama ba. Jerin kowannensu gaskiya ne, rabinta kawai kowa ke karantowa. Ana cikin haka jama'a na ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta ba da miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Duk megawat ɗin da aka ƙara, buƙata ta riga ta sha gabansa.

Ranar wanka ta zo a 2023. A farkon Yuli Mohamed Bazum ya yi bikin buɗe tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30. Ranar 26 ga watan sojoji suka karɓe mulki. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, kamfanin Gezhouba ya dakatar da aikin Kandaji don masu ba da kuɗi sun rufe aljihu. Mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara suka zauna ba aiki, ko suka koma kan gurup da tsadar mai. Asibitoci da masu ajiye magani a firji suka shiga uku. Tashar da Bazum ya yi wa biki sai a Nuwamba ta fara ba da wuta, a hannun majalisar soja ta CNSP: mai shuka daban, mai girbi daban, kamar a 1976. Sai a Maris ɗin 2024 wutar Najeriya ta dawo.

A nan ma musu ya rabu biyu. Wasu sun ce waɗanda suka katse wa talakawa wuta don hukunta sojoji sun yi zalunci. Wasu sun ce waɗanda suka yi juyin mulki sun san ƙasar na rataye da wayar maƙwabci. Ana iya riƙe ko wanne ra'ayi, amma akwai abin da ba ya cikin musu. Da ba a shafe shekara 47 ana dogaro da wutar aro ba, da ba wanda zai iya jefa ƙasa sukutum cikin duhu ta hanyar taɓa makunni ɗaya. Wannan dogaro farar hula da soja, Nasara da Tarayya da sauransu, duk sun tarar da shi, duk sun bar shi. A Maris ɗin 2025 an rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, amma zargi bai rushe tare da su ba, ya sauya suna ne kawai. Kuma masu mulkin yau, tunda suka karɓi ragama, su ma agogonsu ya fara bugawa.

Me ya sa zargin ɓangaranci ke da daɗi haka? Domin wa'adin shugaba shekara biyar ne, madatsar ruwa kuwa daga nazari zuwa kunna wuta takan haɗiye wa'adi uku ko fiye. Aza harsashi yini ɗaya ne, da makaɗa da ƴan jarida. Gyaran turaku da sauya tsofaffin wayoyi da biyan bashin wutar ma'aikatun gwamnati ba su da biki, don haka ba mai rububinsu. Ga kuma abin da musun birni ke mantawa: wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan. Yaron ƙauye da ke tilawa da tocila ba a taɓa ɗauke masa wuta ba, don ba a taɓa kawo masa ita ba. Shi ba ya cikin lissafin kowane ɓangare.

Cewa kowa da nasa laifin ba wanke kowa ba ne. Akasin haka ma. Wanda ya ce duk ɗaya suke ya sallami kowa, wanda ya ce laifin mutum ɗaya ne ya sallami sauran. Hisabi na gaskiya shekaru yake bi da alƙaluma: yaushe aka sa hannu, nawa aka ware, wa ya bayar, wa aka ba aikin, yaushe aka ce za a gama, ina aka tsaya, wa ke kan kujera a ranar da aka tsaya. Ɗan siyasa ko jami'in da aka yi wa waɗannan tambayoyi ba ya iya fakewa da sunan wanda ya gabace shi.

Malamin tarihi da labarin ƙasa zai iya yin wannan darasi da alli kawai. A ja layi a allo daga 1968 zuwa bana. A sama a rubuta shugabanni, a ƙasa a rubuta ayyuka: 1972, 1976, 1981, 1994, 2008, 2013, 2017, 2019, 2023. A bar ɗalibai su ƙirga da kansu shugabanni nawa suka wuce tun da aka fara zancen Kandaji, su ga kuma har yau madatsar ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. A gida ma, idan wuta ta tafi yaro ya tambayi laifin wa, uba zai iya ba shi tarihin maimakon sunan wanda ya tsana. Cikin waɗannan yara akwai waɗanda gobe za su zama injiniyoyin NIGELEC da ministoci da masu sa hannu kan kwangila. Idan zagi kawai suka gada daga gare mu, su ma za su aza nasu harsashin su bar wa na baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu shugabanni masu gama abin da suka tarar, ya kuma ba mu jama'a masu riƙe lissafi.