Megalopolis: fim ɗin tsohon gwani da ya ruɗa masu kallo

Megalopolis fim ne na Amurka da ya fito a 2024. Mai shi, Francis Ford Coppola, an haife shi a 1939, kuma ba ƙaramin gwani ba ne. Shi ya shirya The Godfather a 1972 da Apocalypse Now a 1979, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, a Faransa, har sau biyu.

Ya yi kusan shekara 40 yana mafarkin wannan fim. Daga ƙarshe ya sayar da wani ɓangare na kamfaninsa na giyar inabi, ya zuba kuɗin aljihunsa kimanin dala miliyan 120, wato wajen miliyar 70 na sefa.

Labarin yana faruwa ne a wani birni mai kama da New York, wai shi Sabuwar Roma. Cesar, mai zanen gine-gine da ke iya tsayar da lokaci, yana so ya sake gina birnin, magajin gari Cicero kuwa ya ƙi. Sai dai zance ya yi yawa, labari ya warwatse, mutane da dama suka fito sinima ba su gane inda aka dosa ba. Abin da fim ɗin ya tara a duniya bai kai dala miliyan 15 ba.

A ganinmu, tunda dukiyarsa ce, ba a samu wanda zai ce masa "Baba, dakata" ba. Ruwa dai kan ci gwani. Wanda bai san aikinsa ba, muna ba shi shawara ya fara da The Godfather.