Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Faifan Ƙarfe: Tarihin Jinyar Ciwon Baya a Gudji

Ƙashin bayan ɗan Adam jeri ne na ƙananan ƙasusuwa 33, kuma tsakanin masu motsi a cikinsu akwai faifan guringuntsi guda 23. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri a waje da ƙwaya mai laushi a ciki, shi ne ke shanye nauyi idan mutum ya sunkuya ko ya ɗauki kaya. Idan shekaru suka ja, ko aikin ƙarfi ya yi yawa, faifan yakan bushe ya tsage, ƙwayar ta ɓullo ta danne jijiya. Faifai biyu na can ƙasan ƙugu su suka fi lalacewa, shi ya sa ciwon kan sauka ta ɗuwawu ya bi cinya har tafin ƙafa. A unguwar Gudji da ke arewacin Njamena, wannan ciwo ya bi ta hannun masu sana'a iri-iri, kowa da irin fahimtarsa game da abin da ke ɓoye a ƙarƙashin fata.

Birnin kansa ba tsoho ba ne. Faransawa suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kuseri na 22 ga Afrilu, ranar da Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a fagen fama ɗaya. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna zuwa Njamena. Da yake garin yana bakin kogin Shari, a kan hanyar alhazan ƙasa masu ratsa Borno da Wadai su nufi Sudan, Hausawa sun zauna cikinsa tun da wuri: fatake, mahauta, malamai, da maniyyatan da guzuri ya ƙare musu suka yada zango, zangon ya zama gida. Tare da su wanzami da maɗori suka iso, kuma da garin ya faɗaɗa zuwa unguwanni irin su Gudji, sana'o'in biyu suka bi jama'a.

Mai ciwon baya a wancan zamani wurin wanzami yake fara zuwa. Wanzami yakan kafa ƙahon saniya a gadon baya, ya zuƙe iskar ta ƙaramar kafar da ke tsininsa, ya toshe. Idan fata ta tasa sai ya cire ƙahon, ya yi tsaga da aska, ya mayar, jini ya taru a ciki. A fahimtar mutane, mataccen jini ne ko sanyi ya kwanta a wurin, fitar da shi kuwa shi ne magani. Ambaton ƙaho a hadisai ya ba sana'ar daraja, kuma Larabawan Shuwa da Barebari sun san ta tun asali, don haka masu zuwa wurin wanzamin Bahaushe ba Hausawa kaɗai ba ne. Ƙaho yakan sassauta ciwon tsoka na ɗan lokaci, amma faifan yana can ciki, nesa da inda aska ke kaiwa. Abin da ya riƙe sunan wanzami wani sirri ne na ciwon kansa: yawancin ciwon baya yakan lafa da kansa cikin makonni kaɗan, har ƙwayar da ta ɓullo ma sau da yawa jiki yakan shanye ta sannu a hankali. Duk wanda ke ba da maganin a ranar da sauƙi ya zo, shi ake yi wa godiya. Likitocin fiɗa ma sun ci wannan gajiyar daga baya, ba kaɗan ba.

Maɗori sana'arsa ta gado ce, kuma a masarautun ƙasar Hausa har sarautar Sarkin Ɗori ake naɗawa. Aikinsa karaya ne da targaɗe da gocewar ƙashi. Yakan ja gaɓar ya daidaita ta, ya jera kara ko tsagaggen itace, ya ɗaure da tsumma, ya shafa man shanu ko man kaɗe, ya yi tofi. Amma ƙarfinsa na gaskiya a jinya yake. Shi ke dawowa ya kwance ɗaurin ya duba, shi ke sa a yi gashi da ruwan zafi, shi ke faɗin ranar da za a taka ƙafa da ranar da za a yar da sanda. Baya kuwa ba ya ɗauruwa da kara. Iyakar abin da zai yi shi ne ya kwantar da mutum rubda ciki, ya sa a ja shi ta kafaɗu da ƙafafu, ya danna inda ya ga tudu. Dabarar tsohuwa ce, Ibn Sina da Zahrawi duk sun bayyana irinta a littattafansu na likitanci. Haɗarinta shi ne tudun ba kullum gocewa ba ne. Sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin ya rufta, kuma danna irin wannan wuri yana iya taɓa laka, ƙafafu su shanye.

Wannan ciwo mai haifar da doro shi ya buɗe ƙofar fiɗar liƙe ƙashin baya a duniya. Percivall Pott, likita a Landan, ya bayyana shi a 1779. A 1911 wasu likitoci biyu a New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa ta hanyarsa, suka fara liƙe ƙasusuwan baya su zama dunƙule ɗaya don hana su ruftawa. Faifan kuwa sai a 1934 aka kama shi da laifi, lokacin da William Mixter da Joseph Barr na Boston suka nuna cewa fashewarsa ce ke jawo ciwon da ke sauka ƙafa, kuma cire ɓangaren da ya ɓullo yana kawo sauƙi.

An daɗe kafin wannan ilimi ya iso bakin Shari. Likitancin mulkin mallaka ya fi mai da hankali ga annoba, irin su ciwon barci da agana da sanƙarau. A Kano an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, ya zama matattarar masu karaya daga arewacin Najeriya da maƙwabta. Njamena kuwa yaƙin 1979 da 1980 ya ragargaza ta, jama'a suka ƙetare kogi zuwa Kuseri, kuma abin da ya biyo baya shi ne buƙatar ƙafafun roba da sanduna ga waɗanda harsashi da nakiya suka nakasa. Cibiyar Kabalaye ta gashin ƙashi da haɗa gaɓoɓin roba daga wannan buƙata ta taso. Asibitin Renaissance, mai kayan aiki na zamani, a 2013 aka buɗe shi. Har yanzu ƙasar Chadi ba ta kai likita ɗaya ga mutum dubu goma ba, likitocin ƙwaƙwalwa da laka kuwa 'yan ƙalilan ne, kusan dukkansu a babban birni. Mai hali idan aka ce masa sai fiɗa mai wuya, yakan nemi biza zuwa Tunisiya, Masar, Turkiyya, Indiya ko Faransa, kuma a can ne yawanci yake fara jin labarin faifan ƙarfe.

Dalilin ƙirƙiro faifan shi ne illar da liƙe ƙashi ke da ita a jiki. Idan aka kashe motsi a gaɓa ɗaya, na sama da na ƙasa su ke ɗaukar aikinta, kuma ana zargin hakan na gaggauta lalacewarsu. Ulf Fernström na Suwidin ya gwada cusa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifai, ya wallafa sakamakonsa a 1966, amma da shekaru suka wuce ƙwallon yakan nutse cikin ƙashi. Nasara ta farko daga Gabashin Balin ta fito, a asibitin Charité, inda Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz suka ƙera faranti biyu na ƙarfe da ƙwayar roba mai tauri da ke zamewa a tsakaninsu, aka fara dasa shi a 1984. Ita Büttner-Janz kafin ta zama likita 'yar wasan alkafura ce, ta ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1972, don haka ta san darajar baya mai lanƙwasuwa. A Faransa Thierry Marnay ya fito da nasa, ProDisc. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da faifan Charité a 2004, da ProDisc a 2006, da faifan wuya na farko a 2007, sannan Mobi-C a 2013, wanda aka yarda a dasa a gaɓoɓi biyu na wuya lokaci ɗaya. Charité ɗin kansa daga baya an daina sayar da shi.

Wajen dasa faifan, ta gaba ake shiga, ba ta baya ba: ta ciki idan faifan ƙugu ne, ta gefen maƙogwaro idan na wuya ne. A kawar da hanji da manyan jijiyoyin jini gefe idan na ƙugu ne, a kwashe ruɓaɓɓen faifan, a kafa sabon. Da yake ba a jiran ƙashi ya haɗe, jinyar ta fi ta liƙe ƙashi sauri. Yawanci ana tayar da majinyaci ya taka a ranar ko washegari. Mai faifan wuya kan kwana ɗaya ko biyu a asibiti, mai na ƙugu kwanaki kaɗan. Makonni shida na farko ana hana ɗaukar kaya mai nauyi da gantsarewa da murɗa jiki, don ƙashi ya samu ya kama farantin. Tafiya da ƙafa ita ce babban motsa jiki a lokacin, gashin ƙashi ya biyo baya. Mai aikin ofis kan koma cikin 'yan makonni, mai aikin ƙarfi sai wajen wata uku ko fiye. Wahalar haɗiya da dishewar murya sun saba biyo fiɗar wuya, kuma galibi sukan wuce. Ta ƙugu haɗarinta ya fi girma: tsagewar babbar jijiyar jini, da taɓa jijiyoyin da kan sa maniyyin namiji ya koma mafitsara, abin da ke iya shafar haihuwa. A wasu mutane kuma sabon ƙashi yakan tsiro ya kewaye faifan har motsin da aka sha wahala dominsa ya tsaya.

Sakamakon bincike ya fi tallar kamfanoni sanyi. A wuya labarin yana da daɗi: bibiyar shekara bakwai zuwa goma ta nuna faifan bai gaza liƙe ƙashi ba, kuma a gwaje-gwaje da dama masu shi sun fi ƙarancin komawa ɗakin fiɗa. A ƙugu tazarar ƙarama ce. Wani gwaji da aka yi a Norway, aka wallafa a 2011, ya raba majinyata 173 gida biyu, wasu aka dasa musu faifai, wasu aka ba su horon motsa jiki da shawarwari ba tare da wuƙa ba. Bayan shekara biyu masu faifan sun fi samun sauƙi, amma ratar ba ta kai mizanin da masu binciken suka gindaya tun farko ba. Wato da yawa daga waɗanda ba a yanka ba sun ji sauƙi sosai. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada a yi zancen faifan ƙugu sai an shafe aƙalla wata shida ana magani da gashi ba a dace ba. Kuma ba a dasa shi ga mai zaizayar ƙashi, ko wanda ƙashinsa ya goce gaba, ko mai karkataccen baya, ko mai amosani a ƙananan gaɓoɓin baya, ko mai ƙwayar cuta a wurin. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi a yankin Tafkin Chadi, inda tarin fuka bai kau ba. Dole a tabbatar ba shi ne ke cin ƙashin ba kafin a kawo maganar ƙarfe.

Wanda ya dawo Gudji daga fiɗa a waje yakan tarar takardar sallamar da aka ba shi an rubuta ta ne don wata irin rayuwa. Ba ta san kwana a tabarma ba, ba ta san masai na tsuguno ba, balle hawan babur ɗin haya a hanyar da damina ta farfasa. Iyali kan nemi gado mai tsayi da kujerar bayan gida, a ɗauki mota maimakon babur na wasu makonni. Tambayar da majinyata suka fi yi ta sallah ce, kuma fiƙihu ya riga ya amsa ta: wanda ruku'u da sujada za su cutar da shi ya yi a zaune, ya yi nuni, har likita ya sake shi. Abin da ya fi wuyar samu shi ne bibiya. Faifan yana buƙatar hoton ƙashi lokaci-lokaci don a ga ko ya nutse, ko ya goce, ko ƙashi ya rufe shi, likitan da ya dasa kuwa yana wata ƙasa. Yau da yawa sukan ɗauki hoton a Njamena su aika masa ta WhatsApp. Idan matsala ta taso a ƙugu, sake shiga ta ciki yana da haɗari saboda tabon da ya manne da jijiyoyin jini, don haka likitoci kan fi son su bar faifan a inda yake su liƙe gaɓar ta baya, wanda hakan ke nufin wata tafiyar da wani kuɗin.