Tarihin Kalaba da Tambayar da Aka Yi Mini a Taronmu na Bara

Dalilin wannan rubutu shi ne, a taronmu na bara, bayan an watse ana musabaha, wani abokin ajinmu, wanda muka yi shekara biyar gadonsa na kallon nawa a ɗakin kwana, ya ja ni gefe ya ce yana neman shawara. Ɗansa ya karanta ilmin haɗa magunguna, ya gama bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana zaune a gida. Yanzu kuwa ga aiki ya samu a Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, amma uwar yaron ta ce sam, ba za a kai mata ɗa bakin teku ba, shi kuma yaron hankalinsa ya rabu biyu, don abokansa na ta zuga shi ya tafi Ikko ya gwada sa'a. Da yake an san na yi shekara ashirin da tara a Kalaba, sai ya ce in gaya masa gaskiya, garin ya dace da matashi mai takardar ilmi ko bai dace ba?

A ranar na ba shi amsa a tsaitsaye, amma da na koma gida sai na ga amsar ba ta ƙoshi ba. Na kuma lura da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya da jikoki masu irin wannan matsala, shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta a nan kowa ya amfana.

Waɗanda suka zauna ajin tarihi tare da ni za su tuna malaminmu, Allah ya jiƙansa, wanda in an ambaci wani gari sai ya buga alli a tebur ya tambaye mu abin da garin ke ci. Nufinsa, kafin ka yabi gari ko ka kushe shi, ka fara gano hanyar da arziki ke shigo masa. Da wannan ma'auni zan auna Kalaba.

Garin yana zaune ne a kan tudu tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Kwa, inda ruwayen suke gangarawa su haɗu da Kogin Kuros su faɗa teku. Mutanen Efik, waɗanda suka kafa unguwannin Duke Town da Creek Town da Henshaw Town, su ne suka riƙe bakin ruwan, kuma tun ƙarni na 17 suka zama dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa. Abin da garin ya fara ci, ba abin ɓoyewa ba ne, cinikin bayi ne. Jiragen Libaful da Biristol sun kwashe dubban mutane daga wannan gaɓa. Attajiran Efik sun koyi Turanci da lissafi don kada a cuce su a ciniki, har ɗaya daga cikinsu, Antera Duke, ya bar littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum tsakanin 1785 da 1788, wanda masana tarihi ke ji da shi har yau.

Da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, garin bai mutu ba, sannu a hankali ya koma cinikin manja, wanda masana'antun Ingila ke bukata don yin sabulu da shafa wa injuna. A 1846 mishan Hope Waddell ya sauka, kuma sarakunan garin, Eyo Honesty na Biyu da Eyamba na Biyar, sun karɓe shi musamman don suna son 'ya'yansu su sami ilmin boko. Mary Slessor, wadda ta yi fama da al'adar kashe tagwaye, ta iso a 1876, ta rasu a 1915, kabarinta yana Kalaba. A 1895 aka buɗe makarantar Hope Waddell, inda Dokta Nnamdi Azikiwe ya taɓa yin karatu. In mun kwatanta, Kwalejin Katsina sai 1922 aka buɗe ta. Wato boko ya daɗe da yin saiwa a garin, kuma wannan batu zai dawo mana nan gaba.

Abu na uku da garin ya ci shi ne mulki. A 1884 sarakunan yankin suka sa hannu a yarjejeniyar kariya da Ingila, daga nan Kalaba ta zama mazaunin gwamnatin Turawa ta yankin gaɓar, kana a 1900 ta zama hedkwatar Kudancin Nijeriya. Nan aka kawo Oba Ovonramwen na Binin bayan an ci garinsa da yaƙi a 1897, nan kuma ya rasu a 1914. Mutanen garin kan ce su ne babban birnin Nijeriya na farko. Ni dai nakan yi murmushi in tuna musu cewa a lokacin Arewa tana da tata hedkwatar daban, wadda ta zauna a Zungeru daga 1902 kafin a mai da ta Kaduna. Gidan gwamnan na wancan zamani, wanda aka ƙero sassansa a Birtaniya aka zo aka haɗa a kan tudu, yana nan an mai da shi gidan tarihi, kuma na sha kai baƙi daga gida su gani.

To, daga nan ne ruwa ya fara janyewa. A 1906 aka haɗe Kudu da Ikko, hedkwata ta koma can. Sa'an nan aka gano kwal a Udi a 1909, Turawa suka kafa sabon gari, Fatakwal, suka ja layin dogo daga can zuwa Inugu a 1916, daga baya aka haɗa shi da Kaduna. Kayan da a da za su bi ruwa su sauka Kalaba sai suka bi jirgin ƙasa zuwa Fatakwal, ita kuwa Kalaba ba a ja mata layin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Zungeru ya ga abin da ke samun gari in sarauta ta tashi daga cikinsa. Kalaba ba ta faɗi irin wannan faɗuwa ba, saboda tana da makarantu da asibitoci da tsofaffin gidajen arziki, amma ta koma gefe, ga koguna sun kewaye ta, har ya zama hanya mafi sauƙi zuwa yamma ita ce a shiga jirgin fito zuwa Oron.

Da aka ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, Kalaba ta zama hedkwatar Jihar Kudu Maso Gabas, kuma a watan Oktoba na shekarar sojojin tarayya suka ƙwace ta daga hannun Biyafara. A 1975 aka kafa Jami'ar Kalaba, a 1976 aka sake wa jihar suna zuwa Kuros Riba. Ni kuma a 1982 takardar bautar ƙasa ta jefa ni can. Na bi ta Jos, da Lafiya, da Makurɗi, da Katsina-Ala, da Ogoja, da Ikom, ina tafe ina ganin daji na ƙara duhu, zuciyata kuwa tana ɗar-ɗar. Direba ya sauke ni a Bogobiri, unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari, inda na tarar da masallaci da masu tsire da 'yan canji da masu shayi, kai ka ce wani lungu ne na Fagge. A daren wani dattijo mahauci ya ba ni masauki bai tambayi ko ɗan wane ne ni ba. Bayan bautar ƙasa na sami aikin akanta a wani kamfani, na yi aure na kawo iyali, ban bar garin ba sai 2011.

A cikin waɗannan shekaru na ga garin yana rayuwa a kan sa rai. A 1987 aka yanke Akwa Ibom daga jihar, ma'aikata da yawa suka kwashe suka koma Uyo. Tashar jiragen ruwa tana nan, sai dai tana can cikin kogi nesa da teku, yashi na cike hanyar, manyan jirage ba su iya shigowa sai an yashe, maganar yashewar kuwa tun ina saurayi ake yin ta. A farkon shekarun 1990 aka ware wani yanki na masana'antu marar haraji. A 2004, zamanin Gwamna Donald Duke, aka fara bikin kanibal na watan Disamba, wanda ke cika otal-otal da baƙi. A 2007 aka buɗe Tinapa, katafaren wurin kasuwanci da shaƙatawa da aka yi fatan zai hana 'yan kasuwarmu tafiya Dubai, amma rigimar kuɗin fito da ƙarancin jirage suka bar manyan shagunan babu masu ciniki. Ana cikin haka sai babbar asara ta zo. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi a 2002, aka kammala miƙa shi a 2008, sa'an nan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da ake jayayya a kansu, bisa hujjar cewa Kuros Riba ba ta da sauran iyaka da teku. Da haka jihar ta rasa kason kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihohi masu mai. A garin da albashin gwamnati ke juya kasuwa, wannan ya taɓa kowa, daga ɗan kwangila har mai sayar da kifi a kasuwar Watt.

A nan zan faɗi wani kuskure nawa, don kada wani ya maimaita. A lokacin da gari ya cika da labarin arziki na tafe, na aika wa ƙanena, wanda ya karanta harkar kasuwanci, na ce ya taho kawai, aiki sai ya zaɓa. Ya zo ya yi wata goma sha huɗu a ɗakin baƙina yana zaga ofisoshi da takardu a hammata. Ko'ina ya je sai ya tarar da 'yan gari masu digiri sun riga shi layi, domin kamar yadda na faɗa, boko ba baƙo ba ne a wurinsu, guraben aikin jiha kuma 'yan jiha ake fara dubawa, kamar dai yadda muke yi a gida. Ya koma Kano a fusace, mun yi kusan shekara ba ma doguwar magana. Laifin nawa ne, na kira yaro a kan jita-jita.

Amma kada a ɗauka kushe garin nake yi. Ƙidayar 2006 ta ba shi mutum kimanin 370,000, ko da yake ya ƙaru tun daga nan. Gari ne da a zamanina nakan tashi daga ofis in isa gida in ci abincin rana in koma, abin da ɗan uwanmu na Ikko ba ya ko mafarkinsa. Mutanensa masu tsabta ne da fara'a da girmama baƙo, 'ya'yana sun yi makaranta mai kyau a kan kuɗi kaɗan. Akwai jami'a da asibitin koyarwa, da ofisoshin gwamnatin tarayya, da rundunar sojan ruwa ta gabas, da kamfanin siminti a Mfamosing, da ma'ajiyar mai inda tankoki ke lodi zuwa Arewa, ga kuma filin jirgin sama na Margaret Ekpo. Miyar afang da edikang ikong kuwa har yau ina marmarinsu, illa dai Musulmi ya riƙa sayen namansa a hannun mahautanmu, in ya shiga gidan abinci kuma ya tambaya kafin ya ci.

Wahalhalunsa ma a san su. Ruwan sama yakan kusa milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Daminata ta farko littattafaina da takalmana duk suka yi funfuna, zazzaɓin cizon sauro kuwa sai da muka saba. Gida yana da nisa, hanyar Itu da ta Ikom sun sha lalacewa, in aka yi rasuwa sau da yawa sai dai ka je gaisuwar uku. Zaman lafiyar da aka san garin da shi ma ya sami tabo: a watan Oktoba na 2020 ɓata-gari sun fasa gine-gine da dama bayan zanga-zangar EndSARS, a watan Disamba na 2022 kuma wata mota ta kutsa cikin 'yan kallon biki a Bogobiri ta hallaka mutane. A 2024 an fara aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba, amma wanda ya ga abin da na gani ba zai sa ɗansa ya ɗaura kaya saboda ita ba tukuna.

Saboda haka ga amsata, ya abokina. Tarihi ya nuna duk lokacin da Kalaba ta dogara da abin da ke zuwa daga waje, ko jirgi ko sarauta ko mai, abin yakan tashi ya bar ta. Abin da bai taɓa tashi ba shi ne makaranta da asibiti da aikin ofis. Matashin da ke da takardar ɗaukar aiki a hannu, kuma sana'arsa irin wadda ake bukata ko'ina ce, kamar likita ko malami ko injiniya ko mai haɗa magunguna, zai ji daɗin garin, zai tara ɗan abin hannu, zai kuma koyi zama da mutanen da ba yarensu ɗaya ba. Wanda kuwa zai je neman aiki ne hannu rabbana, ko yana son kasuwa mai zafi da saurin ɗaukaka, gara ya nufi Ikko ko Fatakwal ko Abuja.

Ɗanka yana cikin kashi na farko. Ka bar shi ya tafi, amma ya fara zuwa ya ga wurin aikin da idonsa, ya tabbatar albashin zai biya haya da kuɗin motar zuwa gida sau biyu a shekara, ya nemi ɗaki a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ya kuma kai gaisuwa wurin shugabannin Hausawa a Bogobiri tun makon farko. Ita kuma uwargida a gaya mata na kai 'ya'ya huɗu makaranta a garin, duk sun dawo lafiya, babbar ma tana jin Efik fiye da ni. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya kai mu taron baɗi da rai da lafiya.