Daga Bayan Kanta Zuwa Gaban Alƙali

Ranar da aka damƙa mini makullin ajin da nake koyarwa, yau shekara 11, abu biyu na gada daga malamar da ta yi ritaya. Na farko kabad ne da kwat-kwat shuɗaye guda 14 a rataye, kowacce da tambarin DECA a ƙirji, wasu har sun koɗe a gwiwar hannu. Na biyu wani akwatin ƙarfe ne na ajiye katuna, yana ƙasan kabad ɗin, ƙura ta lulluɓe shi. Kwat-kwat ɗin tun a makon farko na san amfaninsu, don ba ɗalibin da zai shiga babbar gasa ta ƙasa ba tare da ya saka ɗaya ba, kuma ba kowane gida ne zai iya saye ba. Akwatin kuwa sai da na shekara biyu ban buɗe shi ba.

Ni malamin darasin kasuwanci ne a wata makarantar sakandare a tsakiyar Amurka, kuma ni ne uban reshen makarantar na DECA, ƙungiyar ɗaliban kasuwanci. Mahaifina atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Da na gaya masa aikin da na samu, sai da ya yi dariya har ya ajiye waya ya sake kira. Ya ce, "Kai da ko taya ba ka iya ba, kai ne za ka koya wa 'ya'yan Turawa ciniki?" Na ce, "Baba, ai a rubuce yake." Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," da irin muryar da yake sallamar wanda ya yi masa tayin wulaƙanci.

Tambayar tasa ta girme shi. Ita aka yi wa Lucinda Prince a birnin Boston a 1905, lokacin da ta buɗe aji don 'yan matan da ke tsayuwa bayan kanta a manyan kantuna. A wancan zamani aikin nan na wanda ya rasa abin yi ne: albashi kaɗan, tsayuwa wuni guda, ba ƙarin girma. Masu kantuna suna ganin iya sayarwa baiwa ce, ko an haife ka da ita ko babu. Prince ta ce sana'a ce, kuma ana koyonta. A ƙarƙashin wata ƙungiyar mata ta ilimi da sana'a ta birnin ta fara, daga baya makarantar ta koma hannun kwalejin Simmons, tana ɗauke da sunanta. Yarinya za ta zo aji da safe ta koyi lissafi, da sanin yadi da launi, da tsafta, sannan ta koma kanti ta ƙarasa wuni. Akwai kuma wani darasi da nake so a riƙe: a gaban aji, ɗaya za ta zama mai saye, ɗaya mai sayarwa, a yi ciniki na kwaikwayo, sauran su zauna su tsefe inda aka yi daidai da inda aka kwafsa. Wannan ɗan wasan, da Prince ta ɗauka a matsayin share fage kafin a koma kanti, shi ne yau ya cinye fagen gaba ɗaya.

Gwamnatin tarayya ba ta waiwayi masu shago da wuri ba. Dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ta fara zuba kuɗi a ilimin sana'a, noma ta sani da aikin masana'anta da kula da gida. Sai a 1936, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, dokar George-Deen ta ware kimanin dala miliyan 1.2 a shekara don abin da aka kira ilimin rarraba kaya, wato duk aikin da ke tsakanin masana'anta da hannun mai saye. Sunan ba daɗi, mu ma mun sani, amma shi muka ɗauka shekara arba'in da 'yan kai. Kuɗin ya zo da sharaɗi: sai wanda yake aiki a shago za a koyar. Daga nan tsarin da ya zama ƙashin bayan fannin ya kafu. Ɗalibi ya yi rabin wuni a makaranta, rabi a kanti ana biyansa, malami kuma ya bi shi can ya ji ta bakin mai kanti. Wanda ya tashi a Kwari ko Kurmi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yaron shago ne da ubangidansa, sai dai an ƙara masa malami mai biro da takarda.

Ƙungiyar DECA kuwa kaɗaici ne ya haife ta. Yaran nan da azahar suke barin makaranta, saboda haka ba su cikin ƙwallo, ba su cikin wasan kwaikwayo, ba su cikin duk wata hidimar yamma da ɗalibi ke yin abokai. Malamansu suka fara haɗa musu ƙananan kulob, kowane gari da sunan da ya ga dama. A 1946 aka ɗaura aniyar haɗe su, a watan Afrilun 1947 wakilan jihohi 12 suka taru a Memfis ta jihar Tenesi, shekara ta zagayo aka sake haɗuwa a St. Louis aka amince da tsarin mulki da sunan da haruffansa suka ba da DECA. Gidauniyar kamfanin Sears na cikin waɗanda suka fara ɗaukar nauyi, kuma ba don Allah kaɗai ba: kamfanin yana neman waɗanda za su tsaya masa a kanta. Babban bikin shekara a lokacin liyafa ce da yaro ke gayyatar ubangidansa, ya miƙe a gaban jama'a ya gode masa.

Muna da 'yar'uwa, ko in ce kishiya, wato ƙungiyar FBLA. Hamden Forkner na jami'ar Kolombiya ne ya kawo shawararta a 1937, aka buɗe reshen farko a Johnson City ta Tenesi ranar 3 ga Fabrairu, 1942. Su yaran ofis ne tun asali: buga tafireta, rubutun gaggawa na sakatarori, aikin akawu. Mu yaran kanti. Har gobe idan malamansu da namu suka haɗu sai an yi 'yar tsokana irin ta taubasai, su ce mu surutu muka iya, mu ce su ba sa iya kallon mutum a ido. Hedikwatocinmu duka biyu a gari ɗaya suke, Reston ta jihar Bajiniya.

Abin ya fara juyawa a 1963. Dokar ilimin sana'a ta wannan shekara ta cire sharaɗin nan na sai mai aiki, aka yarda a koyar da yaro a aji kafin ya taɓa shiga kanti. Niyyar mai kyau ce, don ƙauyuka da yawa ba su da shagunan da za su ɗauki ɗalibai. Amma da zarar an raba darasi da kanti, dole a samo abin da za a auna yaro da shi. Nan aikin Lucy Crawford ta Virginia Tech ya shigo. A 1967 ta fitar da bincike inda ta bi ayyukan shago ta yayyanka su ƙanana-ƙanana, ta jera ɗaruruwan abubuwan da ma'aikaci ya kamata ya iya. A 1971 wasu jihohi suka haɗa kai a Ohio suka mai da jerin nan manhaja, kuma jikar wannan haɗaka, MBA Research, ita ke rubuta mana jarrabawa har yau. Sannan rahoton A Nation at Risk ya fito a 1983 yana kukan cewa makarantun Amurka sun lalace. Jihohi suka ƙara yawan lissafi da kimiyya da Ingilishi da dole ɗalibi ya yi kafin ya gama, rabin wunin da ake zuwa kanti ya rasa wurin zama a jadawali. Cikin waɗannan shekaru aka jefar da sunan rarraba kaya aka koma ilimin kasuwanci, a 1991 ita ma ƙungiyar ta daina warware haruffan sunanta. DECA kawai, ba fassara.

Ga yadda abin yake yau. Mambobi sun haura dubu 200. Ana fara gasa daga gunduma, a je jiha, wanda ya tsallake ya tafi babban taro a ƙarshen Afrilu, wanda ke zagayawa tsakanin birane irin su Orlando da Atlanta da Anaheim, mutum sama da dubu 20 a wuri ɗaya, duk inda ka duba shuɗi. Ɗalibi zai yi jarrabawar canki-canka mai tambaya 100. Sannan a miƙa masa takarda ɗauke da matsala, a ce kai ne manajan kantin takalma, ciniki ya ja baya, ga mai kanti yana jiranka. Minti 10 ya yi tunani, minti 10 ya zauna gaban alƙali, wanda yawanci ɗan kasuwa ne da ya ba da ranarsa kyauta. A hannun alƙalin akwai takardar maki mai ɗauke da abubuwa biyar daga irin jerin nan na Crawford. Mu malamai a waje muke, muna safa da marwa a baranda kamar masu jiran haihuwa.

Shekarata ta huɗu na samu wata yarinya da mahaifiyarta ke da ɗan shagon kayan abinci na 'yan Afirka. Tun tana shekara 9 take ba da canji. Ranar gasar jiha ta ɗora kwat ta bakwai a kabad ɗina a kan hijabinta, muka naɗe hannun sau biyu muka kama da fil. Ta fito tana murmushi, ta ce, "Malam, na gama da shi." Ta ba ni labari: ta gai da alƙalin, ta tambaye shi su wa ke shigowa kantin takalman da kuma ƙarfe nawa, ta gano iyaye mata ne da yamma, ta ce a sauko da takalman yara kusa da ƙofa, a riƙa rubuta lambar ƙafar kowane yaro don a kira uwarsa bayan wata shida. Ni da na ji, na san Baba zai ɗauke ta aiki a ranar. Da takardar maki ta dawo, alƙalin ya rubuta a ƙasa cewa da kantinsa ne da ya gwada shawarar gobe. Amma makin bai kai ba. Abu biyar aka ce ta bayyana, ita kuwa ta aikata su ne ba ta ambaci sunan ko ɗaya ba. Laifina ne. Na ga ta iya ciniki, na ɗauka shi ke nan, ban zaunar da ita na koya mata yaren da ake sayar da iyawar da shi ba. Shekarar da ta biyo baya muka yi wata uku muna haddar kalmomi, ta je Orlando.

Ba na cikin masu cewa gasar banza ce. Na ga yaron da ba ya iya ɗaga kai ya gai da baƙo, bayan shekara biyu ya tsaya gaban babban mutum ya kare ra'ayinsa ba rawar murya. Ni da na yi darasin kasuwanci a sakandare a Kano, daga allo zuwa littafi, ban taɓa sayar da ko ashana a aji ba, na san darajar wannan. Da na ji an saka tallata haja cikin darussan sana'a a manhajar manyan sakandaren Nijeriya ta 2011, abin da na fara tambaya shi ne ko za a bar yara su buɗe baki. Sai dai ina ganin waɗanda ke hawa dandamali suna karɓar kofin gilashi. Da yawansu 'ya'yan unguwannin masu hali ne, masu shirin shiga manyan jami'o'i, waɗanda ƙungiyar ta zame musu ado a takardar neman gurbi. Tafiya babban taro kuɗin jirgi ne da otal na kwana huɗu ko biyar. Rassa irin nawa da sayar da biskit da rigunan makaranta a ɗan shagonmu na cikin makaranta muke tarawa. An kafa ƙungiyar don yaron da aiki ya hana shi shiga kulob, yanzu kuma aikin ne ke hana irin wannan yaro shiga ita kanta.

Da na buɗe akwatin ƙarfen, katuna ne wajen 300, kowane ɗalibi da nasa, na farko daga 1976. Suna, shago, awannin mako, lada dala 2.30 a awa. A bayan kowane kati, rubutun hannun malamar, da kwanan watan ziyara. "Yana jingina da kanta." "Ta iya lallashin mai fushi, a ba ta teburin mayar da kaya." "Manaja ya ce ya makara sau biyu, na je gidansu, uwar ba ta da lafiya." Na kira ta a waya. Ta ce a shekarunta na farko, daga ƙarfe ɗaya na rana tana cikin mota, shago zuwa shago, ta san kowane manaja a garin da sunan 'ya'yansa. Na karanto mata sunayen shaguna goma sha wani abu, guda biyu ne kawai ke buɗe. Shi kansa Sears ya durƙushe a 2018.

Bana ina da ɗalibai 120 da ɗoriya, uku ne kacal ke kan tsohon tsarin rabin wuni. Ɗaya daga cikinsu a shagon tayoyi yake. Na yi na yi ya shiga gasar gunduma, ya ce ranar Asabar ce, kuma Asabar ce ranar ciniki. Wata Laraba da la'asar na je duba shi. Na tarar da shi tsugune gefen motar wata tsohuwa da ta zo da niyyar sauya taya huɗu. Ya sa kwabo a tsagin tayar ya nuna mata zurfinsa, ya ce biyu na baya za su kai ta bazara, na gaba kawai za a sauya. Manajan yana tsaye kusa da ni, ya ce a hankali, "Ya rage mini cinikin taya biyu. Amma ka ga matar nan, 'yarta da surukinta duk nan suke kawo motocinsu yanzu."

Na dawo aji bayan an tashi. A can ƙarshen akwatin akwai sauran fararen katuna da malamar ba ta kai gare su ba, sun ɗan yi ja a gefe. Na zaro ɗaya na rubuta sunansa, da shagon, da kwanan wata.