Shekara Uku a Kwaleji, Aji Biyu a Jami'a

Tun da aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri a gari guda, iyaye ke tambaya: yaron da ya gama difloma, daga ina zai ɗora a jami'a? Amsar ba daɗi. Mai difloma ta ND ta shekara biyu da mai takardar malanta ta NCE ta shekara uku, galibi aji biyu ake kai su duka.

A zauren malaman da, abin bai kai haka wuya ba. Ɗalibi ya taso daga Daura zuwa Katsina ko Zariya, malam ya ji inda ya tsaya a Risala, ya sa shi ya biya, a ɗora.

Boko ya zo da nasa. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta gaji al'adar Ingila: mai babbar takardar sakandare ta HSC ba ya yin shekarar share fage. Daga baya aka samu NCE, bayan rahoton Ashby na 1960, kwalejin horon manyan malamai ta Zariya ta buɗe a 1962. Makarantun HSC sun yi ƙaranci a Arewa, sai Jami'ar Ahmadu Bello ta fito da shirin IJMB a madadinsu a 1976. Hukumar shiga jami'a ta JAMB ta zo a 1978.

Wasu na cewa takardun bogi ne suka sa jami'o'i rowa, suna kafa hujja da dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Ban yarda ba. Bogi ƙanen jiya ne. Ƙofar shiga kai tsaye, wato DE, an yanka ta ne daidai tsawon HSC, wadda darajarta shekara ɗaya ce ta jami'a. Da NCE da ND suka iso, ba a sake awo ba, aka ce su sunkuya su shige.

Ko a 1989 da hukumar jami'o'i ta NUC ta shimfiɗa tsarin ƙirga nauyin kowane darasi, ƙirgar ta tsaya a cikin harabar jami'a. A Amurka darasi-darasi ake dubawa, a yafe wanda ya yi daidai. Mu nan takardar ake kallo dunƙule, shi ya sa malamin firamare daga Mai'aduwa mai NCE ke sake zama ajin dabarun koyarwa, bayan ya shekara yana riƙe da alli.