Masu Fita Neman Ilmi Daga Ƙasar Katsina: Alƙahira, Landan Da Faris

Daddara gari ne a kan hanyar mota wadda ta fito daga Birnin Katsina ta nufi Jibiya. Wanda ya wuce ta, in ya taɓa gaba kaɗan sai ya iske Magama, inda ma'aikatan kwastan ke tsaron iyaka, daga nan kuwa sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Mutanen tsallake biyun nan harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna kuma auratayya. Sarakunan Maraɗi ma ai zuriyar sarakunan Katsina ne na Haɓe, waɗanda suka bar birni bayan da mutanen jihadi suka ci shi a wajen 1807. Duk da haka, a zamanin Turawa, in yaro ya yi ƙwazo a makaranta har aka ga ya isa a kai shi ƙetare, iyakar nan ita ke zaɓa masa birnin da za shi. Na kudu da ita Landan, na arewa da ita Dakar, sa'an nan Faris. Kafin a ja iyakar kuwa alƙiblar masu neman ilmi ɗaya ce, watau gabas.

A yau akan yi maganar musayar ɗalibai, wannan jami'a ta aika da nata, waccan ta aiko da nata. A da babu wannan tsari a rubuce. Amma wanda ya bi labarin mutanen ƙasar nan da suka zauna a manyan biranen duniya don karatu zai ga musayar ta daɗe ana yinta, gama da yawansu ba su je hannu sake ba. Sun karɓo, sun kuma bari.

Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makaranta a Alƙahira, wadda a ke kira ta Ibn Rashiƙ, don masu zuwa daga ƙasarsu su sami masauki. A masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a 972, almajirai baƙi kowace ƙasa da nata sashe, ana ce da shi ruwaƙi. Akwai na Barnawa, akwai na mutanen Takruru, kowanne da shaihinsa, ana kuma raba wa mazauna ciki gurasa kullum daga dukiyar waƙafi. Hanyar zuwa can biyu ce: ko a bi ta Agadas da Fezzan a keta hamada, ko a bi ta Barno da Wadai da Darfur. Kowacce aka bi, tafiya ce ta watanni, ga wanda ke tsayawa yana karatu ko neman guzuri kuwa ta shekaru.

Wanda sunansa ya fi fitowa cikin Katsinawan da suka yi wannan tafiya shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. A ƙasar Sudan ya yi karatunsa, a hannun malamai irin su Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Muhammadu Bindu, kafin ya tashi. Ya yi hajji a wajen 1730, ya zauna a Makka, a can ya soma rubuta littafinsa *Durrul Manzum*, sa'an nan ya gangaro Alƙahira ya ƙarasa shi. A 1732 ya rubuta *Bahjatul Afaƙ*, a kan ilmin haruffa da hatimi. Hatimi dai kowa ya san shi a allon malamai: a zana gidaje, a zuba lambobi, ta yadda ko ta ina aka haɗa su, tsaye ko kwance ko a karkace, jimlar ɗaya za ta fito. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Al-Kashinawi ya bayyana ƙa'idodin da a ke bi a gina manya waɗanda adadin gidajen gefensu mara ne, watau 5 ko 7 ko 9 zuwa sama. Mutanen zamaninsa don asiri su ke neman abin, masana lissafi na yanzu kuwa ƙa'idar su ke dubawa. Akwai kwafen littafin a ɗakin karatu na makarantar koyon harsunan Gabas da na Afirka a Landan.

Mai masaukinsa a Alƙahira shi ne Shaihu Hasan al-Jabarti, babban masani a fikihu da ilmin taurari, wanda shi ma kakanninsa baƙi ne daga wajen Zaila a gaɓar Habasha. Hasan ya ɗauki ilmin hatimi daga Bakatsinen nan. A gidansa ajali ya sami al-Kashinawi a 1741, bayan ya bar masa wasiyyar kula da littattafansa da abin da ya bari, shi ne kuma ya binne shi ya gina masa kabari. Ɗan Hasan, watau Abdurrahman al-Jabarti, an haife shi bayan haka da shekara fiye da goma, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa, da sunayen malamansa da na littattafansa. Abin lura a nan shi ne mutumin da ya yi karatunsa duka a tsakanin Katsina da Barno ya isa birnin da ya fi kowane birni malamai a duniyar Larabci, aka zauna gabansa ana ɗaukar karatu. Wannan ya isa shaida a kan matsayin makarantun ƙasar Hausa a ƙarni na 18. Sai dai Katsina ba ta sake ganinsa ba, littattafan da ya tara kuma a Masar suka tsaya.

Bahaushen da ya fara daɗewa a Ingila har labarinsa ya tabbata a rubuce ba da niyyar karatu ya fita ba. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta aka kai shi Kukawa, inda wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya koma hannun Barth, wanda Larabawa da Hausawa ke kira Abdulkarim. Tare suka ratsa Katsina a farkon 1853 kan hanyarsu ta zuwa Sakkwato da Tambutu, tare kuma suka keta hamada suka sauka Landan a 1855, da shi da abokinsa Abbega, Bamargi. Wani limamin Kirista, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin rubuta Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya ɗauke su zuwa gidansa. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864. Ya koyi karatu da rubutun boko da Ingilishi, shi kuwa Schön ya zauna yana rubuta abin da ke fitowa daga bakin yaron, tatsuniyoyi da kalmomi da labarin rayuwarsa. Nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus a 1876, *Magana Hausa* a 1885. Sunan Schön ke bisa bangon littattafan, ya kuwa yi wahalarsu, amma Hausar da ke ciki, mafi yawanta ta Dorugu ce. Ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Kafin rasuwar tasa an riga an raba ƙasar. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan wakilansu, O'Shee da Tilho, suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi. Jibiya da Daddara suka faɗo hannun Ingilishi, Maraɗi da Tasawa hannun Faransawa.

A kudu da iyaka Turawan mulki ba su yi gaggawar fitar da kowa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ga Landan a 1921 kan hanyarsa ta hajji, a shekara mai zuwa kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina. Amma manufar kwalejin ita ce a horar da malamai a gida, cikin rigunansu da rawunansu, nesa da Ikko balle Ingila, don kada su kwaso abin da zai dami mulkin En'e. Sai da aka yi shekara fiye da 20 a haka. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ziyara ce ta makonni, wadda ya ba da labarinta cikin *Tafiya Mabuɗin Ilmi*. Sai a 1945 aka zaɓi malamai huɗu daga Arewa aka aika da su sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan don su yi shekara guda: Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Bello Kano, da Abdurrahman Mora, da Yahaya Ilori.

Waɗannan ba yara ba ne. Malam Abubakar yana da shekara 33, shi ne shugaban Midil ta Bauci, ya bar iyali a gida. Landan ɗin da suka tarar kuwa yanzu ta fito daga yaƙi, unguwanni a rushe, nama da sukari da tufafi duk sai da takardar rabo. Mutumin da bai taɓa ganin Bature ba sai Razdan da Di'o da Baturen makaranta, ga shi yau yana ganin Bature na sharar titi, yana bin layi don ya sayi burodi, yana kuma zagin gwamnatinsa a fili ba wanda ya kama shi. Wannan darasi ba ya cikin tsarin karatun da aka aika su yi, shi ne kuwa ya fi tasiri. Malam Abubakar ya komo a 1946 ya shiga Majalisar Arewa, a 1950 ya tashi a cikinta ya nemi a gyara mulkin En'e, a 1957 ya zama Firayim Minista. Ayari na biyu, na 1946, da Malam Aminu Kano a cikinsa. Shi ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin sauyi, a Landan kuma ya soma ƙulla ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, wadda ta tsaya da ƙafafunta bayan komowarsa. Makaranta ɗaya, birni ɗaya, shekara ɗaya ce tsakaninsu, amma ɗaya ya komo da niyyar gyara gini, ɗayan da niyyar a sāke shi tun daga tushe.

Abin da Landan ta samu daga irin waɗannan baƙi shi ne harshensu. Ran 13 ga Maris 1957 gidan rediyon BBC ya soma watsa shiri da Hausa, muryar da aka fara ji kuwa ta mutumin ƙasar Katsina ce, Aminu Abdullahi Malumfashi.

A arewa da iyaka tsarin dabam ne. Faransawa ba su damu da a koyar da yaro da harshensa ba, Faransanci a ke fara masa tun ranar farko, wanda ya yi fice kuma a ɗauke shi zuwa makarantar William Ponty a Senegal, inda 'yan dukan ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma ke haɗuwa. Hamani Diori ya bi ta nan, ya komo ya yi aikin malanta, sa'an nan a 1938 aka kai shi Faris yana koya wa masu shirin zuwa mulkin ƙasashen ƙetare Hausa da Zabarmanci. Watau Bazabarme ne ya riƙa sa Hausa a bakin kwamandojin da za su zo su mulki Hausawa. Shi ne ya zama shugaban Nijar na farko a 1960.

Wanda ya fi nisa cikin karatun kansa shi ne Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Daga Damagaram ya tafi Yamai, daga nan Ponty da Dakar, sa'an nan Faris, inda ya karanta ilmin fizik. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Baƙar Afirka a Faransa, wadda ta matsa wa hukuma da neman 'yancin kai. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke zaɓen manyan malamansu da ita, shi ne kuma baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci ta a wannan fanni. Ya zauna a Mosko har 1964 yana binciken yadda a ke cin amfanin zafin rana. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilmi a Afirka, da Faransanci ya rubuta shi, amma abin da ya ke kira a ciki shi ne a koyar da yara da harsunan iyayensu. Ya komo gida ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na Nijar, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a 1991.

Hanyar gabas ba ta mutu ba, ko da ya ke Turawan ɓangarorin biyu sun yi ta ɗari-ɗari da ita, suna tsoron abin da almajiri zai kwaso a Masar. Da gwamnatin Arewa ta so fitar da malaman Larabci a 1954, Sudan ta kai su, makarantar Bakhtar Ruda, da Abubakar Gumi a cikinsu. A 1959 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta buɗe unguwa guda a Alƙahira don masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ta maye gurbin ruwaƙan da. Bayan samun mulkin kai 'yan Nijeriya da 'yan Nijar suka riƙa cika ɗakunanta, wannan ya zo da fasfo mai Ingilishi, wancan da mai Faransanci, in an fito daga darasi kuwa Hausa su ke yi. Daga 2013, da aka buɗe jami'a mai sunan Maryam Abacha a Maraɗi, sai ga 'yan Katsina da Kano suna wucewa ta Daddara da akwatunansu za su karatu ƙasar waje, tafiyar da ba ta kai yini ba. Sau biyu rufe iyaka ya tsai da su, a 2019 da 2023.