Tarihin Karatun Yara a Ƙasar Karaye, Daga Allo Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya tashi a Daura ta ƙasar Karaye, ko a Zarewa da sauran garuruwan Rogo da ke yammacin Kano, in aka tambaye shi abin da ya fara riƙewa na karatu, lalle ne zai ce allo, gama tun kafin takarda ta yi araha, tun kafin a ji labarin injin ɗab'i a ƙasar Hausa, wannan ɗan katako da masassaƙi ya feƙe ya goge shi ne littafin farko na kowane yaro. Tun zuwan Wangarawa Kano, da kuma zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sa'ad da Shehu Magili ya sauka a birnin, karatu ya yi ta malala daga birni zuwa karkara ta hannun malamai masu yawon neman ilmi, har ya zamana da wuya a sami unguwar da ba a jin sautin yara a zauren wani malami da safe. Abin da ya kamata a lura da shi cikin wannan dogon tarihi shi ne, a kowane zamani akwai babban da ke auna wa yaro karatu, kamar yadda uwa ke auna masa abinci.

Bisa al'ada, idan yaro ya yi wayo har ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma, sai ubansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin malam, ya danƙa masa amanarsa. Malam kan fara da babbaƙu, watau haruffa tsuransu, kowanne da sunan da Hausawa suka raɗa masa gwargwadon kamanninsa, irin su alu da ambaki da lam ara da mim jaye da ha kuri. Daga nan a shiga farfaru, inda ake sa wa haruffa wasali. Sa'an nan a zo hajjatu, inda yaro zai riƙa haɗa baƙi da wasali yana tattashi har kalma ta fito. Alƙalami na karan gamba ne, tawada kuwa a gida ake dafa ta, a sa mata ƙaro don ta kama allo, saboda haka kayan karatun duka ba su fi ƙarfin talaka ba, kuma babu abu guda daga cikinsu da uban yaro bai san asalinsa ba.

Ni dai ban manta da safiyar wankin allo ba. Malam yana zaune bisa buzu, mu kuwa mun yi da'ira a gabansa, kowa ya ɗora allonsa a cinya; idan aka kira yaro sai ya matso ya durƙusa, ya biya abin da ke rubuce yana bin layi da yatsa, malam na saurare idonsa a lumshe, kuma in har yaron ya yi tuntuɓe ko da a wasali guda ne, sai a ce ya koma ya ƙara maimaitawa, alhali kuwa in ya kawo shi tsaf, malam ya ce masa ya je ya wanke, farin cikin da ke cika zuciyarsa a wannan sa'a ya fi na ranar salla. Sai ya tafi bayan zaure da ɗan ƙoƙon ruwa, ya wanke rubutun a wuri mai tsarki, ya jingina allon a rana ya bushe, ya dawo a rubuta masa sabo. Hikimar da ke cikin wannan tsari a fili take: allo ba ya ɗaukar fiye da abin da yaro zai iya haddacewa, kuma ba a ƙara masa gaba sai na baya ya zauna a ƙirjinsa.

Iyaye ma suna cikin sha'anin tun daga farkonsa har ƙarshe. Ran Laraba yaro kan tafi da kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Idan ya kai wasu surori akan yi sadaka a gida a kai makaranta, ta haka kuwa uwa, ko da ba ta yi nisa a karatu ba, ta san inda ɗanta ya tsaya. Ranar sauka kuma, sa'ad da aka ƙawata allo da zayyana, yaro ya karanta a gaban malamai da dattawan gari, uban ne ke yanka, shi ne kuma ake yi wa barka, domin kowa ya san shekarun da ya yi yana bibiya. Takarda a wancan lokaci abu ne mai daraja ƙwarai, wadda fatake ke ketowa da ita Sahara daga Tarabulus, mafi shahararta kuwa ita ce mai alamar jinjirin wata uku da ake yi a ƙasar Italiya, don haka Alƙur'ani rubutun hannu, warwarensa cikin gafaka, ba ya shiga hannun ƙaramin yaro. Wanda ya sauke ya shiga makarantar ilmi, shi ma ba a sake masa littattafai barkatai, sai ya fara da Ƙawa'idi, ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin ya kai Risala, kowanne a gaban malamin da ya karanta shi a gaban wani.

A cikin gida kuma akwai wata makaranta wadda ba ta da allo. Bayan an ci tuwon dare, kaka kan tara jikoki a tsakar gida ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ita ke zaɓen wadda ta dace da shekarunsu, ita ke sanin lokacin da barci ya fara ɗibansu ta rufe, da rana kuwa an hana tatsuniya don kada ta cinye lokacin aiki da karatu. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta shirya malamai mata da ake kira jaji da 'yan taru suna kai wa matan karkara ilmi cikin waƙoƙin da ake haddacewa, saboda ta fahimci cewa abin da uwa ta sani shi ne ɗa ke fara sha tare da nono.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai wani sabon karatu ya shigo. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka riƙa koyar da Hausa da haruffan boko. Talakawa da yawa kuwa suka yi ɗari-ɗari da ita, ba don komai ba sai don a karo na farko an zo wa yaro da rubutun da ubansa ba zai iya dubawa ba, daga hannun malamin da bai san wanda ya karantar da shi ba. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta ga cewa yaran da suka koyi boko ba su da abin karantawa mai daɗi, sai ta sa gasar ƙaga labari a 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda sunan garinsu kaɗai ya isa ya nuna mana cewa yammacin Kano na da hannu a cikin harsashin wannan gini. Daga bisani Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, inda a na farko aku ne ke tsare ɗan sarki da labaru dare bayan dare, watau dai aikin kaka ne aka ɗauko aka sa cikin takarda.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950 har manya suka zauna aji da maraice, sa'an nan kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaji aikin a 1966, ya yi ta buga littattafan firamare irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda sunayensu ma hawa-hawa suke kamar matakala. Da aka shigo da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, azuzuwa suka cika a ƙauyukanmu, har yara uku ko huɗu su haɗa kai bisa littafi guda, wanda malami ke rabawa da safe ya tattara ya kulle a akwati in an tashi. Ƙarancin littafi ya zama shi ne ma'auni, yaro ya karanta guda har ya kusa haddace shi. Uba kuwa ya sami hanyar jarraba ɗansa, domin in wasiƙa ta zo daga ɗan'uwa da ke ci-rani sai ya miƙa masa ya ce ya karanta a zaure. Sai a shekarun 1980, da littattafan kasuwar Kano suka yawaita har ana ba da su haya, aka fara jin iyaye na kukan cewa 'ya'yansu na karanta abin da ba su sani ba a ɓoye cikin ɗaki.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru ta isa kasuwannin Karaye da Rogo, inda masu caji ke tura wa mutane karatu da waƙoƙi da finafinai cikin katin da bai kai farcen yatsa ba. Haƙiƙa ni'ima ce babba, domin yaron da kakansa bai taɓa mallakar mushafi ba yau yana iya sauraren ƙira'ar manyan alarammomi a gindin bishiya, ya kuma sami littattafan Hausa da manhajojin koyon haruffa da lissafi. Amma wannan sabon allo ba ya cika, ba a kuma wanke shi, kuma babu malamin da ke tsaye a kansa. Na taɓa zama a wani gida da magariba na ga yarinya 'yar shekara shida riƙe da wayar uwarta, an kunna mata karatun sura don ta bi, kafin uwar ta sauke tukunya yatsan yarinyar ya riga ya tsallake abu biyar ya faɗa cikin wani wasa mai talla. Uwar kuwa tana can tana murna cewa 'yarta na karatu. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba, watau allonmu a bisa ruwayar Warshu yake da rubutun Magaribi, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo guda a sama, alhali galibin manhajojin Alƙur'ani na ruwayar Hafsu ne da rubutun Gabas, saboda haka yaron da ke tsakanin biyun zai rikice in ba a sami mai warware masa ba.

To, tun da yake babu malami a cikin waya, wajibi ne uba da uwa su karɓi aikin da malam da kaka suka yi shekaru aru-aru. Kada a saka wa yaro littafi ko manhaja sai babba ya fara dubawa da idonsa, in kuwa bai iya ba ya kai wa malamin makaranta ko wani amintacce ya duba masa, kamar yadda kakanninmu ba su kai ɗa wurin malamin da ba su san shi ba. A sauke abin karatun cikin wayar, a rufe data kafin a miƙa ta, a kuma yanka mata lokaci sananne, gama makarantar allo ma tana da safe da yamma, tana da Alhamis da Juma'a. Fiye da duka, a tsaya ga littafi guda, kuma kafin a ƙara wani, uba ya zauna bisa tabarma bayan sallar isha'i, ya kira yaron ya ce masa ya biya abin da ya karanta, ko ya ba da labarin da bakinsa. In ya kawo shi daidai, sa'an nan a goge na baya a saka masa sabo, yaron kuwa zai ɗanɗani irin daɗin da muka ji ranar da malam ya ce mu je mu wanke. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar da ya ɗora mana, ya kuma sa wa karatun 'ya'yanmu albarka.